Baƙin Soson da Aka Bari a Kan Rufi

Ko zan rantse muku har harshena ya bushe, ba za ku yarda cewa soso guda, wanda bai kai faɗin faranti ba, shi ya durƙusar da Ƙaiƙayi ba. Ƙaiƙayi fa! Mutumin da ya taɓa cika robar ruwan shan maigadi da ruwan sabulu, sannan ya tsaya yana jera masa sannu.

A garejin goge motocin da yake aiki, doka ɗaya ce Oga ba ya wasa da ita. In ka gama shafa wa mota man kare fenti, nan take za ka tsoma baƙin soson a bokitin ruwan ɗumi da sabulu, ka matse har ruwan ya fito garau, ka kife shi a kan raga ya sha iska. In ka bar shi ya kwana, man zai daskare a cikin ramukansa. A ido lumus, a kan fenti kuwa tsakuwa.

Abokin aikinsa, Shiru-Shiru, bai taɓa karya dokar ba. Wanke soso yake kamar yana yi wa jinjiri wanka, har ya juya bayansa ya duba kafin ya shanya. Kullum da shi Oga yake misali.

Duk wannan Ƙaiƙayi ya haɗiye. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne Yaya, wadda ta riƙe shi tun da Baba ya rasu, aka sayar da komai na gidan har da motarsa, shi kuma ya ajiye jakar makaranta. Kwanan nan sai ta zo garejin, ta dangwara masa kwanon abinci, ta wuce rumfar baya. Can ne Shiru-Shiru yake fama da wata tsohuwar mota da aka lulluɓe da tamfol, murfin injinta kaɗai ake gani da sabon baƙin fenti. Sai su yi ta ƙus-ƙus.

"Yaya, ni ne ƙanin naki ko shi?"

"Ci abincinka, sarkin surutu."

Oga kuma ya ja masa kunne: kada ya ga ƙafarsa a rumfar nan. Sau ɗaya ya jiyo Shiru-Shiru yana rufe ƙofar motar, sai da ya ɗaga ta da gwiwa kafin ta kama, ƙwas! Ƙarar ta taɓa masa wani wuri a ƙirji, bai san dalili ba, ya share.

Ran Litinin, da ya gama shafa wa wata mota mai, bai je bokiti ba. Ya wurga sosonsa kan rufin kwano. Kwana uku rana tana gasa shi. Ran Alhamis ya sauko da shi, ya kakkaɓe, ya share fuskar soson da burushi, ya sa shi a saman durowar Shiru-Shiru. Aiki ne mai tsafta, a gaskiya. Nufinsa fentin ya ɗan yi hazo, Oga ya yi wa waliyyinsa tsawa a gaban Yaya, shi kuma ya koma bayan tankin ruwa ya yi dariya.

Da hantsi injin gogewa ya tashi a rumfar baya. Bai yi numfashi biyar ba ya tsaya cak.

Ba a yi tsawa ba. Shirun ne ya fito da Ƙaiƙayi daga bayan tanki. Oga yana haska murfin injin motar da tocila, zane-zane farare sun zagaye shi kamar an ja ƙaya, wasu sun ci fentin har ƙasa. Yaya ta toshe baki da mayafinta, kafaɗunta suna rawa.

"Kwashe kayanka," Oga ya ce wa Shiru-Shiru. "Ni ba na ajiye wanda ba ya wanke soso."

Shiru-Shiru ya fara ninke rigar aikinsa. Ƙaiƙayi ya tuna matar Shiru-Shiru da ciki, da 'ya'ya uku da ke jiransa a bakin ƙofa kullum yamma. Duk da haka bai amsa laifinsa ba.

Sai da Shiru-Shiru ya kai bakin rumfa ya waiwayo. "Oga, don Allah juya bayan soson."

Oga ya ɓalle soson daga injin ya juya. Ya ɗauko sauran na durowar, ya juya su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne da ɗinkin jan zare a gefe. Wannan kaɗai ne babu. Mutum biyu ne ke shafa man a garejin nan, duk idanu suka koma kan na biyun.

"Wasa ne, Oga," in ji Ƙaiƙayi, muryarsa ta zama siririya.

"To wasan bai ƙare ba. Da hannunka za ka kankare murfin nan har ƙarfe. Sosayen garejin nan kuma kai ne mai wanke su, Shiru-Shiru ne mai dubawa."

Ƙaiƙayi ya sunkuyar da kai. "Mai motar fa? Me za a ce masa?"

Yaya ta share fuska, ta kama hannunsa, ta sa masa wani abu a tafi.

"Ka faɗa masa da kanka. Shekara shida ina nemanta gari-gari, gobe muka so mu yaye tamfol ɗin a gabanka."

Makulli ne, a jikinsa akwai murfin kwalba mai tsatsa, wanda Ƙaiƙayi ya huda da ƙusa yana ɗan shekara bakwai ya rataya wa makullin motar Baba.