Dodon Dutsen Saji

Ranar Laraba da hantsi aka kafa turaku a gonar Baballe baduku, a gindin dutsen Saji, cikin ƙasar Rano. Shekaru kaɗan ke nan da shigowar Turawa Kano. Masu awo suka ja igiya daga tsamiya zuwa rijiya, suka ce nan za a gina bariki.

Kowa ya san abin da bariki yake ci: ƙwai, kaji, itace, da ƙartin da za su bar noma su ɗauki kaya. Amma Baballe gona zai rasa, kuma ita kaɗai gare shi.

Ƙaramin Baturen da za a zaunar a barikin ya zo tare da masu awon. Bai sauko daga doki ba. Ya dubi duwatsu, ya dubi ƙudaje, ya danne hanci da hankici, ya tambayi nisan Kano. Kafin azahar sunansa ya zama Mai Hankici.

Washegari tafintansa, Haliru, ya leƙo rumfar Baballe. Ya ce babban Bature zai zo daga Kano ya duba wurin kafin a sa tubali, kuma mutum ne da ba ya son wuri mai fitina.

"An ce kai kake ɗinka wa 'yan tashe kan kura, Malam Baballe. Za ka iya wanda ya fi wannan?"

"In aka kama ni fa?"

"Gidan yari. In ba ka yi ba kuma, bana sai ka shuka dawarka a kan dutse."

Haliru ya ajiye wani dogon kara mai tsaga uku: ƙugu, kafaɗa, ido. Baballe bai tambayi wanda aka auna ba. Al'ada ce tun ta kaka da kakanni: mai ɗinka dodo ba ya tambayar wanda zai shiga, 'yan kallo ma ba sa tambaya.

Ya rufe rumfa da zana, ya fara aiki. Ya jiƙa tukurwa ya lanƙwasa ta, ta zama haƙarƙari. Ya kife babban masaki ya fafe baki, ya jera haƙora na ƙashin raƙumi, ya dasa ƙahonin bijimi da ya samo a rugar Fulani. Ya haɗa fatun bunsuru da basilla, ya rina rama ta zama geza. A kafaɗa ya cusa auduga don kada nauyin ya ci naman mai ɗauka.

Haliru yana zuwa yana kawo gyara. A faɗaɗa ƙafa, domin takalmi zai shiga. A ƙara huda hanci saboda iska. A sake wanke fatun, warinsu ya yi yawa.

"Dodon da yake gudun wari!" in ji Kulu matar Baballe, daga bayan zana. "Malam, dodo kake ɗinkawa ko amarya? Ka ce a kawo turaren wuta mana."

Zance bai ɓoyu ba. Dogaye biyu ne a Saji, Ɗantsoho mahauci da Ƙasimu mai jakai, saboda haka mutane suka fara aika musu goro da fura. Babu wanda ya ce shi ne, babu kuma wanda ya mayar da ƙwarya cike. Ɗantsoho ya koma tafiya da ƙirji a gaba. Ƙasimu ya miƙe a masallaci ya roƙi addu'a "a kan wani al'amari".

Ranar da babban Bature ya iso, an tara gari a gonar tun kafin la'asar. Haliru ya riga ya kwashe dodon a kan jakai, an lulluɓe shi da harawa. Aka ce Mai Hankici yana kwance a tanti, zazzaɓi ya kama shi. Babban Bature ya zagaya turakun a kan doki, ya gyaɗa kai.

Sai abin ya fito daga tsakanin duwatsu. Ya fi rumbu tsawo, ƙaho sama, geza tana jan ƙasa. Ba ya rangaji irin na 'yan tashe, tafe yake sak kamar soja. Kukan da ya yi ba na kura ba ne, ba na bijimi ba ne, ba na wata dabbar da aka sani a ƙasar Rano ba.

Babban Bature ya fizgi bindiga ya auna ƙirjinsa. Baballe ya runtse ido. Bindigar ta ce ƙas, ba ta tashi ba, alhali da safen nan kukun Mai Hankici ya goge ta tas. Doki ya yi tsalle ya juya, ya nufi hanyar Rano da mai shi rungume da wuyansa. Jama'a ta watse. A sahun gaba na masu gudu Baballe ya hango Ɗantsoho da Ƙasimu, kafaɗa da kafaɗa.

Kafin rana ta faɗi masinjan babban Bature ya zo da umarni: a tumɓuke turaku, ba za a ajiye ma'aikacin gwamnati a wannan wuri ba, a mayar da Mai Hankici Kano.

Saura a ɓatar da shaida. Baballe ya ɗauki wuƙa da ƙyastu don ya ƙone dodon, ya zaga bayan dutse. Ya tarar da dodon zaune a ƙasa yana fuka, Haliru ya taka kafaɗarsa yana jan ƙaho. Gumi ya kumbura ɗaurin wuyan, kan ya ƙi fita.

"Yi sauri, Malam Baballe, zai shiɗe!"

Baballe ya farke ɗinkin, suka zare masakin tare. Mai Hankici ne, jajur, jiƙe sharkaf, yana tambayar tafinta ko babban Bature ya yi nisa.