Wasiƙa ta Uku a Hannun Kawu

Karo na uku ke nan cikin kwana goma da Dogo ya hau benen Kawu da ambulan a aljihu, kuma yau ko gaisuwar kirki bai iya yi ba. Ya zauna, ya miƙe, ya sake ɗosana a bakin kujera, ƙafarsa tana kaɗawa kamar ta tela a kan keke.

Kawu, yayan mahaifiyarsa, ya yi shekara talatin da biyu a ofishin haraji, kuma rabin shekarun nan shi ke rubuta wasiƙun da ke hana 'yan kasuwa sukuni. Tun da ya yi ritaya, duk wanda ya samu takarda mai hatimi a unguwar wurinsa yake kawowa. Yakan yi mita, ya ce an hana shi hutawa, amma kowa ya san abin yana yi masa daɗi.

Shagon Dogo na gyaran agogo kuwa ya daɗe a kwance, don kowa ya koma duba lokaci a waya. Ga yara uku, ga uwarsu da tsohon ciki. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, domin abincin gidansa yana rataye ne a kan abin da tsohon nan zai ce game da takardar.

Wasiƙar farko, Kawu bai kai layi na uku ba ya fashe da dariya har da tari.

"Hukuma ba ta ce maka 'ya kai ɗan kasuwa mai daraja'," in ji shi. "Cikakken sunanka take kira, da lambar harajinka. Kuma a ina ka taɓa jin ta ba da asusun wani mutum ta ce a zuba kuɗi kafin gobe? Aikin 'yan damfara ne, ɗan nan."

Dogo ya roƙe shi ya maimaita, ya rubuta komai a bayan ambulan. Kawu ya yaba masa, ya ce matambayi ba ya ɓata.

Bayan kwana huɗu sai ga shi da ta biyu. Wannan tana da suna, tana da lamba, ba ta da asusun kowa. Kawu ya ɗan jima a kanta kafin ya ɗora yatsa a kan hatimin.

"Dama yake zama, ba hagu ba. Kuma wanda ya sa hannu bai faɗi muƙaminsa ba. Ga wannan zancen kamawa da ɗauri. Mu ba ma barazana. Mukan ba ka kwana talatin, mu kawo sashen doka, har mu gaya maka kana da ikon ƙorafi. Sanyin maganar ne ke kaɗa hanji." Ya miƙa masa takardar yana girgiza kai. "Amma ɓarayin nan suna koyo, sai ka ce suna laɓe bayan labule suna jin mu."

Dogo ya yi dariyar yaƙe, ya sake rubutawa.

Yau kuwa ba a yi dariya ba. Kawu ya goge tabarau da bakin riga, ya juya ambulan ɗin, ya ce masu kai wasiƙa na zamani sun iya aiki, ko lanƙwasa babu. Ya zare takardar, ya murza ta tsakanin yatsu, ya ɗaga ta saitin taga. Ya karanta daga sama har ƙasa, leɓensa na motsi, sannan ya koma farko. Dogo ya ƙura masa ido. Agogon bangon da shi da kansa ya gyara bara yana ta bugawa, kamar da gayya.

"Kawu, yaya?"

Tsohon ya cire tabarau, fuskarsa ta yi nauyi.

"Wannan kam tamu ce. Da ina ofis, haka zan rubuta ta, ko waƙafi ba zan gyara ba. Sai haƙuri, ɗan nan."

Dogo ya sauke wani dogon numfashi, ƙafarsa ta daina kaɗawa.

"Sai dai ka ji," Kawu ya ci gaba. "Lambar wayar nan ta ƙasa, ban santa ba, an canza lambobin bayan na bar aiki. Ko ta gaske ce, kar ka kira. Ka taka da ƙafarka har ofis, ka nuna musu."

"Mutane suna zuwa kuwa?"

"Ina! Ko ɗaya cikin goma. Tsoron ƙofar ofis suke yi, sai su kira waya su yi duk abin da aka ce musu."

Da ya tashi tafiya, Kawu ya riƙo hannunsa, ya ce idan abin ya fi ƙarfinsa ya yi magana, akwai ɗan abin da ya ajiye daga fansho, ai ɗan 'yar'uwa ɗa ne. Nan kunya ta kama Dogo, ya kasa kallon idonsa. Ya yi godiya ƙasa-ƙasa, ya sauka benen bibbiyu.

A mararraba, hanyar ofishin haraji ta yi dama. Dogo ya yi hagu, ya ratsa ta bayan masu sayar da taya, ya shiga wani siririn shago mai warin tawada. Mai buga takardu ya ɗago kai daga kan injinsa, ya ɗaga masa gira.

Dogo ya shimfiɗa wasiƙar a kan tebur, ya shafa ta da tafin hannu.

"Ta wuce," ya ce. "Buga min ɗari biyar irinta, suna da lambar haraji kawai za ka riƙa canzawa."