Ranar da Baƙi Suka Zo

"Gobe ki yi zamanki a gida, baƙi za su zo daga Kano," in ji malamin ajinsu. Ko kallonta bai yi ba.

Ta gane nufinsa. Shekara uku ke nan tana wannan sakandare, sai ta manna littafi a hanci kafin ta ga harafi, allo kuwa duhu ne kawai a wurinta. Tsoronsa kada baƙo ya ce ta tashi ta karanta, ta kunyata shi.

"To, Malam," ta ce.

Washegari baƙin suka sauke kwali cike da tabarau da littattafai masu manyan haruffa. Shugabarsu ta tambaye shi, "Malam, akwai masu raunin gani a ajinka?"

Ya gyara zaman hularsa. "Alhamdu lillahi, Hajiya, namu duk lafiyayyu ne."

Suka mayar da kwalin cikin farar motarsu.

A hanyar ƙauyen Kara suka tarar da yarinyar, ta ɗauko itace. Wani farin abu kawai ta ga yana tahowa. Ta ratse gefe da sauri, ta ba shi hanya ya wuce.