Takun Matata

"Malam, na gaji. Tahi abinka," in ji matata, ta zauna bakin fadamar albasa tana haki.

Likita ya ce ƙiba za ta kashe ta in ba ta tafiya. Ni ko sauri na sani. Kullum ina gaba ina tsawa, "Ɗaga ƙafa!" Daga ranar ba ta ƙara bina ba.

Wata uku ke nan tana Maiyama wurin ɗiyarmu. An ce kowace safiya tana zaga gari da mata, sannu-sannu, har da dariya. Ba ta zancen dawowa.

Yanzu ni kaɗai nike bin hanyar, a hankali, in tsaya inda ta zauna. Mutanen Aliero sun ɗauka gwiwa ke damuna. Takunta nike koyo.