Minista a Baho

Kirsimeti ya zo ya wuce, amma kifin yana nan cikin bahon wankan Jadwiga yana kai da komo.

Haka muke yi a garinmu: a sayo kifin karp da ransa, ya kwana biyu a baho ɗanɗanon laka ya fita, ran jajibere maigida ya ɗauko guduma. Hirek, mijin Jadwiga, ya ɗauko gudumar kuwa. Sai kifin ya ɗago ya dube shi, yana buɗe baki yana rufewa, Hirek ya mayar da guduma akwati. Kabeji da dankali suka ci a shekarar. Kifin ya samu suna Minista, don ci kawai yake yi, kuma bakinsa na motsi ba a jin komai.

Jadwiga ta yi haƙuri har aka shiga sabuwar shekara. Gwiwoyinta na ciwo, ba abin da ke lafar da su sai ta miƙe cikin ruwan zafi da yamma. Yanzu ga ta a kicin tana wanka da bokiti, kamar sanda take yarinya a ƙauye.

"Tsoho, buɗe kunnenka," in ji ta. "In Ista ta zo ban kwanta cikin ruwan zafi a gidan nan ba, na koma Rzeszów wurin yayata. Sai Minista ya riƙa dafa maka miya."

Hirek tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, bai taɓa yin gardama da ita ya ci ba. Washegari ya fito da tef. Ya auna kusurwar falo, ya auna ƙofa, har gefen gado ya auna sai da ta kore shi da tsintsiya. Daga nan ya fara hawo da faifan katakon filawud masu kauri zuwa benensu, yana hutawa a kowane hawa. Ya haɗa su suka zama dogon akwati a falo.

Pan Lucjan, maƙwabcinsu na ƙasa, ya hawo jin ba'asi. Yana kiwon ƙananan kifaye a kwalba, saboda haka yake ganin kansa masani, kuma daɓen Hirek shi ne silinsa.

"Maƙwabci, wa ya mutu?" ya tambaya, yana zagaya akwatin.

"Kowa na nan lafiya."

"Kifi ɗaya, duk tsawon nan? Ko bishop bai samu wuri haka ba. To ina gilashin?"

Hirek ya ce shi bai yi niyyar sa gilashi ba. Pan Lucjan ya rantse ba zai zuba ido a yi wannan abin kunya a kansa ba, ya je ya samo gilashin tagar wani shagon nama da aka rufe. Hirek ya daɗe yana duban gilashin, ya yi ɗan murmushi, ya karɓa.

Sai aikin hana yoyo. Ya cika kowace gaɓa da gam, ya manna ƙyallen faiba, ya shafa fenti mai hana ruwa, ya jira ya bushe, ya goge da samfefa, ya sake shafawa. Wari ya cika bene. Fadan coci da ya zo sa wa gida albarka ya yayyafa wa akwatin ruwan tsarki yana toshe hanci, Pan Lucjan ya ce to, gwajin farko an ci, ko ɗigo bai fita ba.

Shawarwarin maƙwabcin dai ba su karɓu ba. Ya kawo yashi da duwatsu, Hirek ya ce a mayar. Ya kawo injin hura iska, aka ce ba buƙata. Fenti kuwa ruwan hoda Hirek ya zaɓa. Kullum yana ciki a durƙushe, yana goge bango yana shafawa da kuncinsa ya ji ko da sauran kaushi.

"Kifi fa ɓawo gare shi," in ji Pan Lucjan.

Hirek ya ci gaba da goga, sannan ya jawo bututu daga kicin.

Gwajin gaske bai zo da daɗi ba. Aka cika akwati, kafin azahar ruwa na ɗiga a kan talabijin ɗin Pan Lucjan. Jadwiga ta sauko da jakar tafiyarta daga kan kabad, ta ajiye a bakin ƙofa inda Hirek zai riƙa tuntuɓe da ita. Ya kwashe ruwa, ya kankare kusurwar, ya sake daga farko. Azumin kafin Ista na ƙarewa, jakar na cika.

A makon ƙarshe ya sake cikawa. Pan Lucjan ya wuni yana kallon silinsa, sili bai jiƙe ba.

Ranar Asabar, ana gobe Ista, Jadwiga ta tanadi buroshi da omo don wanke baho da zarar Minista ya tashi. Pan Lucjan ya hawo da komar kamun kifi da bokiti, har da taye a wuya. Suka shiga falo suka tarar gilashin ya yi gumi, tururi na tashi. Pan Lucjan ya tsoma yatsa ya zare da sauri.

"Maƙwabci, ka haukace ne? Duk wahalar nan don ka dafa shi?"

Hirek ya karɓe bokitin, ya tura Pan Lucjan waje a hankali, ya rufe ƙofa. Ya ɗauko sabon tawul ya miƙa wa matarsa da hannu biyu.

"Minista ya saba da baho, ƙaura za ta dame shi," in ji shi. "Shiga, Jadwiga, naki ne, kafin ya huce."