Wainar da Aka Soya da Wutar Kashin Shanu

Kana ta ƙorafi wai ka yi wa mutane bayani har bakinka ya bushe, sun ƙi yarda. To, gyara zama in ba ka misali.

A wani ƙauye an yi wata dattijuwa mai waina. Shekara ashirin tana tsugune gaban tanda, hayaƙin ɗanyen itace na shiga idonta, har ta fara gani dishi-dishi. Likita bai ɓoye mata ba, ya ce ko ta rabu da hayaƙi ko ta rabu da idonta. Mijinta kuwa yana da bijimai uku a turke. Da ya ji ana koyar da yadda ake samun iskar gas daga kashin shanu, sai ya je ya koyo, ya haƙa rami a bayan gida, ya gine shi da siminti ya rufe ruf, ya ja tiyo zuwa madafa. Kullum da safe su kwashe kashin, su dama shi da ruwa kamar kunu, su ɗura a ramin. Ana nan, ana nan, wajen mako huɗu, ta murɗa kan murhu ta ƙyasta ashana, sai ga wuta shuɗiya ta kama, babu hayaƙi ko kaɗan. Baiwar Allah ta rangaɗa guɗa ita kaɗai a tsakar gida, har awaki suka firgita. Ruwan da ramin ke amayarwa ma bai tafi a banza ba, shi suka riƙa zuba wa masara, ta yi kore shar.

Amma ka san bakin mutane. Maza ba sa shiga gidan matan aure, a zaure suke tsayawa a miƙo musu waina, don haka babu wanda ya ga wutar, labarinta kawai suka ji. Nan da nan ya zaga gari cewa wance da kashin shanu take suya. Wani tsohon wanzami har rantsuwa ya yi wai ya ji warin a wainar, alhali rabonsa da saye tun bara. Ciniki ya tsaya cak. Mijin ya yi bayani a majalisa, aka yi masa dariya. Kwana biyar tana zubar da ƙullu, hankalinta ya tashi ƙwarai, don in ta koma itace ido zai tafi, in ta zauna haka sana'a ta mutu. A rana ta shida ta ce wa mijin: “Malam, bar wahalar da bakinka. Ƙaro mana tiyo.” Suka ja shi ta cikin zaure har ƙofar gida. Ranar kasuwa da sassafe ta kafa tandarta a fili, ta kunna, ta zuba mai. Ƙamshi ya tare hanya, masu wucewa suka fara rage tafiya. Wanzamin nan ya matso yana hura hanci, ya sunkuya yana shinshina wutar har gemunsa ya kusa babbakewa. Ya ɗago ya ce: “Hajiya, to ina warin?” Ta ce: “Wallahi Baba, ni ma shi nake nema tun da na fara, ko za ka taya ni?” Jama'a suka fashe da dariya. Ya cinye uku a tsaye, ya sa aka ƙulle masa goma ya kai gida. Kafin hantsi ta kankare ƙwaryar ƙullu tas, ga mutane a layi suna roƙon ta ƙara jiƙa shinkafa gobe, wasu kuma sun ja mijin gefe suna tambaya yaushe zai zo ya duba musu wurin rami.

Saboda haka kai ma ka huta da dogon bayani, ka fito da tandarka ƙofar gida. Hausawa sun riga sun faɗa: gani ya kori ji.