Amsar da Mushe Ya Soke

Ina aji biyar a lakwal, wato firamare, sati biyu da rasuwar Inna, malaminmu da muke kira Mushe ya karanta mana wata waƙa da yamma. Waƙar ta ce baƙi ne launin wanda ya rasa masoyi. Ya ce kowa ya rubuta ra'ayinsa.

Na rubuta fari ne, don cikin farin ƙyalle aka fitar da Inna daga gidanmu.

Ya ɗaga takardata gaban aji. "Ku ji wagga yarinya, ko baƙin ciki da farin ciki ba ta bambance ba."

Aka kwashe da dariya. Ya soke amsata da jan biro.

Abin da ke ci mini rai har yau, ya sani. Ya zo gaisuwar, bisa tabarmarmu ya zauna.